Shagon littattafan zane a Jidda: kayan wasa a gaba, littattafai a ƙurya

Shagon yana cikin wani babban mol a arewacin Jidda, kuma wanda ya leƙa daga ƙofa zai rantse na kayan wasan yara ne. Mutum-mutumi na roba, riguna, kofuna, duk da fuskokin 'yan fim. Littattafan zanen da jaruman nan suka fito daga cikinsu sai ka dangana da ƙurya, kanta biyu ne kacal.

Autana ne ya ja ni, shi da fim ɗin Black Panther kamar ƙuda da rake. Da fim ɗin ne aka sake buɗe sinima a Riyad a watan Afrilun 2018, bayan sama da shekara 30 babu ita a ƙasar nan, don haka yaranmu na Saudiyya da shi suka buɗe ido. Ni kuwa tela ne, tufafin fim ɗin na tsaya kallo: shuɗin rawanin ƙabilar 'yan kasuwa na Buzaye ne sak, kuma Ruth Carter da ta tsara kayan ta ci Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, a kansu.

Abin da ya sa zan koma shi ne saurayin da ke tsaron kantar. Bai tura mana mai tsada ba. Ya ce, "Ya ammi, in yaron fim kawai ya sani, bari ya ga asalin." Ya ciro mana tarin tsofaffin fitowa a kundi ɗaya. Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro T'Challa, wato Black Panther, sarkin ƙagaggiyar ƙasar Wakanda, a 1966, kuma a fitowarsa ta farko gayyatar wasu jarumai huɗu da ake kira Fantastic Four ya yi zuwa Wakanda, ya far musu don ya gwada ƙarfinsa. Abokin gabarsa Killmonger na littafi, wanda ya bayyana a 1973, ba ɗan'uwan sarki ba ne. Masu fim ne suka mai da shi ɗan baffa, rigimar ta koma ta gadon sarauta a cikin gida, kuma ai duk Bahaushe ya san irin wannan rigima ta fi cin rai. Nan fim ya fi littafi, ba ja. Sun kuma yi hankali da suka jefar da laƙabin M'Baku, shugaban wata ƙabila a fim ɗin, mai alaƙanta baƙin mutum da goggon biri. Matan nan masu gadin sarki kuwa, a littafin 1998 matan da ake tanadar wa sarki ne don aure; fim ya bar su sojoji zalla. Autana bai so jin wannan ba, ya ce, "Baba, ƙarya ne," sai da aka nuna masa.

Inda suka gaza: duk abin da na gani a kantar da Turanci yake, alhali yaranmu Larabci suka fi karantawa. Sababbin littattafan kuma a naɗe suke cikin leda, ba a yarda ka buɗe ba, ga shi wasu zanen matan ba abin da uba zai miƙa wa ɗan firamare ba ne da ido rufe. Farashi ma ba sauƙi, kundi ɗaya ya haura riyal 100.

In za ka je, ka je tsakiyar mako bayan la'asar, kafin cunkoson daren Alhamis, ka nemi saurayin ya faɗa maka abin da ke cikin ledar kafin ka biya.