Karen da tsawa ke firgitawa: mai horo za a kai wa, ko likitan ɗabi'a?

Ɗan'uwa, ka ce karenka na gadi ɗan shekara uku ne. Da hadari ya haɗo sai ya kama rawar jiki da haki, ya yi ta tonon ƙofar keji har faratansa su yi jini, kuma ranar da yaronka ya je jawo shi daga ƙarƙashin mota sai ya yi masa gurnani. Wani mai horar da karnuka ya ce ka bar masa shi wata guda zai gyara shi, wani kuma ya ce ka nemi likitan dabbobi da ya san ɗabi'arsu. Kana tambaya wanne ya fi.

Aikin mutanen nan biyu daban yake. Mai horo yana koya wa kare abin da zai yi: zauna, tsaya, zo nan, tafiya da igiya ba tare da ja ba. Wannan na yi wa karen da hankalinsa ke kwance amfani, wanda kawai bai san abin da ake so da shi ba. Naka kuwa ya san komai, tsoro ne ya ci ƙarfinsa. Likitan ɗabi'a a kan tsoron yake aiki, domin idan abin da kare ke ji game da tsawa ya sauya, tonon ƙofar da kansa zai tsaya. Matsalar kuma ba baƙuwa ba ce: a binciken da Jami'ar Helsinki ta fitar a 2020 kan karnuka sama da 13,700 a Finland, kashi 32 cikin ɗari suna fama da tsoron ƙara.

Tun ranar farko bambancin ke fitowa. Mai horo da igiya yake farawa. Likita da hannu yake farawa: ya leƙa kunne, ya duba haƙori, ya latsa baya da ƙugu, ya tanƙwara gaɓɓai. Masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun nuna a 2018 cewa akwai alaƙa tsakanin tsoron ƙara da ciwon jiki. Kare mai ciwon ƙugu idan ya zabura sai tsokar ta ɗaure, ciwon ya soke shi, daga nan ya haɗa ƙarar da zafin. Irin wannan kare, maganin ciwo yake buƙata kafin komai, kuma babu horon da zai gano shi. Amma idan halin kare ya juye cikin kwana biyu ko uku, ga dalalar miyau, ga cizon duk abin da ya gani, kuma ba a yi masa rigakafin ciwon hauka ba, a killace shi a kira likita a ranar.

Inda na fi jin tsoro shi ne hanyar gyaran. Yawancin masu cewa wata guda ya isa, da sarƙar shaƙe wuya ko bulala ko abin wuya mai jan lantarki suke aiki, wasu kuma su ɗaure kare kusa da ƙara wai har ya saba. Kare yakan yi shiru, wannan gaskiya ne, shi ya sa mai gida ke ganin kuɗinsa bai tafi a banza ba. Amma ka dube shi da kyau: kunnuwa a kwance, bindi a matse tsakanin ƙafafu, yana lasar hanci, yana hamma ba barci, yana kau da kai har farin idonsa ya fito. Tsoron na nan, hanyar nuna shi aka toshe. Gurnanin da ya yi wa yaronka gargaɗi ne, ma'anarsa "ka matsa, ba zan iya ba". Idan aka doke shi a kan gurnani sai ya daina gurnanin, ranar da aka sake matsa masa ya wuce kai tsaye zuwa cizo. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin ɗabi'ar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2021 cewa da lada kawai ya kamata a horar da kare, yankin Wales na Birtaniya kuma ya haramta abin wuyan lantarki tun 2010.

Hanyar likita a hankali take tafiya, kuma kai ne za ka yi mafi yawan aikin. Ana farawa da rani, lokacin da ba tsawar gaske da za ta rushe abin da aka gina. Ka samo sautin tsawa ka sa a lasifika mai fitar da rugugi, domin ta waya ba ta da shi. Ka rage murya har inda kare zai ɗaga kunne kawai ya ci gaba da harkarsa. Sauti ya fara, sannan nama ya biyo baya nan take. Sauti ya tsaya, nama ya tsaya. Wannan jerin shi ne ƙashin bayan aikin, idan nama ya riga sauti, kare zai koyi cewa nama ne ke kawo tsawa. Dafaffiyar kaza ko hanta, a yanka kamar ƙwayar wake, ba tsire ko kilishi ba, saboda albasa da tafarnuwa na lalata jinin kare. Minti uku zuwa biyar, sau ɗaya ko biyu a rana. Sai ya yi zama uku a jere jikinsa a sake kafin ka ƙara murya ɗan kaɗan. Ya ƙi karɓar nama, ko ya fizge shi da ƙarfi har haƙori ya taɓa yatsanka, to ka wuce iyakarsa, koma baya mataki biyu. Gaggawa ce ke kashe wannan aiki, ta biyu kuma yin sa a wuri ɗaya kullum, sai kare ya natsu a zaure amma ya firgita a tsakar gida.

Lasifika ba ta kawo iska da walƙiya da ƙanshin ƙasa da dukan ruwa a kan kwano, kuma kare na haɗa su duka da tsoron. A nan ne likita ke da abin da mai horo ba shi da ikon bayarwa, wato magani. Akwai na kullum irin su fluoxetine da clomipramine, waɗanda ke ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin a ga tasirinsu, kuma ba a yanke su lokaci guda. Akwai na lokacin buƙata irin trazodone, da ake bayarwa awa ɗaya zuwa biyu kafin hadari. Ka gaya wa likita idan kana wanke kare da maganin kaska mai amitraz, domin ba ya haɗuwa da na kullum ɗin nan, haka ma tramadol. Idan kuma aka ba ka acepromazine shi kaɗai, ka nemi wani magani: jiki yake kashewa, kare na kwance yana jin komai amma ba ya iya gudu.

Ban ce mai horo ba shi da wuri ba. Nagari, wanda ke aiki da lada, shi ne mafi dacewa ya taya ka bin tsarin da likita ya shimfiɗa, ya koya wa kare kwanciya a tabarmarsa da sa takunkumi da son ransa. Tambaye shi abu biyu: me yake yi idan kare ya yi kuskure, kuma zai yarda ka tsaya ka kalli horon? Wanda ya ce sai ka bar kare ka tafi, ko ya yi maka alƙawarin rana, ka rabu da wannan mai horon. Ƙwararru a ɗabi'a kaɗai ba su da yawa, don haka fara da likita mai rajista, ko asibitin koyarwa na likitan dabbobi kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Tafi da bidiyon karen lokacin hadari, da bayanin yaushe abin ya fara.

Kafin nan, idan hadari ya taso yau, kada ka bar shi a kejin waje ko a sarƙa. Buɗe masa ɗaki na ciki mai duhu, sa tsohon bargo da ruwa, kunna fanka ko rediyo, ka bar ƙofar a buɗe yadda zai shiga ya fita. Idan ya zo ya jingina da ƙafarka, shafa shi, lallashi ba ya ƙara tsoro. Idan ya shige ƙarƙashin mota, a ƙyale shi har ya fito da kansa, kuma ka gaya wa yara kada wanda ya miƙa hannu.