Aikin yanar ido ga dattawa: wanne ya kamata a zaɓa?

Kafin a shiga cinikin aiki, a fara sanin abin da ya dusashe ganin. Yana hazo take sawa, fitilar mota ta riƙa kashe ido da dare. Idan kuwa Baba ya rufe ido ɗaya ya ga bakin ƙofa ko layin rubutu ya karkace, matsalar a can bayan ido take: mai yiwuwa wani siririn tantani ne ya tsiro a tsakiyar retina, wato shimfiɗar bayan ido mai ɗaukar gani, ya tattare ta. Cire yana ba ya miƙar da wannan. Hoton bayan ido da ake kira OCT ne ke nuna shi, don haka a nemi a ɗauka.

Hanya biyu ake cire yana. A aikin na'ura, wanda ake kira fako, ana tsaga milimita 2 zuwa 3, na'ura ta farfasa yanar ta zuƙe, a zura gilashin roba mai naɗewa. Warkewa da sauri, kuɗi da yawa. Aikin hannu, wato SICS, tsagarsa milimita 6 zuwa 7 ce, galibi babu ɗinki, ana fitar da yanar ɗungurungum. Yawancin dattawanmu a Garwa, Marwa da Kuseri na arewacin Kamaru sai yana ta nuna ta yi fari fat suke zuwa, kuma irin wannan mai taurin SICS ya fi dacewa da ita, domin ƙarfin da fako zai sa yana iya lahanta baƙin ido. Mu dai mun fi duba hannun likita a kan sunan na'ura. Kowanne aka zaɓa, a tambaya ko za a auna idon kafin a zaɓi lambar gilashi. Idan ba a auna ba, ana iya ƙarewa da tabarau mai kauri.

Masu tura yana cikin ido da allura kuwa, a guje su. Hawan jinin ido da makanta ke biyo baya.

Aikin tantani daban ne: ana cire ruwan kaurin cikin ido, a ɓare tantanin. Sai likitan retina, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba. Akwai cibiyar ido ta Magrabi kusa da Yawunde, wasu kuma Kano ko Kaduna suke nufa. Idan karkacewar ba ta hana karatu ba, ana iya jira ana dubawa. Idan za a yi, ga kuma yana ta fara, gara a haɗa su rana ɗaya, tunda wannan aikin kan gaggauta yana ga wanda ya haura 50, yawanci cikin shekara 2. Gani yakan ɗauki watanni yana gyaruwa, kuma ba lallai karkacewar ta tafi duka ba. In an sa iskar gas a idon, babu hawa jirgin sama sai ta ɓace.

Mai ciwon suga ya daidaita shi tukuna. Bayan aiki, maganin ɗigawa na mako 4 zuwa 6, babu tozali, a kiyaye ruwan alwala da ƙurar hunturu. Ciwo mai tsanani, jan ido ko raguwar gani a makon farko, a koma asibiti a ranar, ko da dare ne.