Littafin The Martian a ajin kimiyya: ra'ayina

Malaman kimiyya da ke fama da ɗalibai masu gyangyaɗi a aji, ku nemi The Martian na Andy Weir, bugun makarantu na 2016 wanda aka tsarkake shi daga ashar. Da shi nake koyar da 'yan aji biyar na sakandare, kuma wallahi kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Labarin wani ɗan sama jannati ne da aka bari shi kaɗai a duniyar Mars. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya samo ruwa: ya raba sinadarin haidrazin, wato man roka, ya fitar da haidrojin, ya ƙona shi da oksijin. A nan yarana suka gane dalilin daidaita lissafin sinadarai, abin da na daɗe ina bayani a allo ba ya shiga. Noman dankalin turawa da ya yi da takin bayan gida kuwa, 'ya'yan manoma ne suka karɓe muhawarar.

Guguwar farkon labarin, wadda ta kusa kayar da roka, ba ta yi daidai da kimiyya ba. Matsin iskar Mars bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, don haka ba za ta kayar da roka ba. Na mayar da wannan tambayar jarrabawa.

Turancinsa yana da nauyi, sai malami ya riƙa fassarawa, kuma kwafi ɗaya ba ya isar aji.