Akwatin da aka zubar saboda ni a wata gonar Ontariyo

Tun da na bar Maradi na sauka Kanada ban taɓa jin kunya a wurin aiki ba irin wadda na ji wata safiya a ƙarshen Satumban bara, kuma abin da ya jawo ta bai fi kan ɗan yatsa girma ba. Bari in fara da faɗin inda nake aiki, tun da na san labarin ya riga ya isa unguwarmu, an ma ƙara masa gishiri. Gonar tabar wiwi ce mai lasisin gwamnati, a yankin Nofok na jihar Ontariyo, kusa da tafkin Iri. Kanada ta halatta wannan taba ga manya ranar 17 ga Oktoban 2018, ta kuma ɗora wa ma'aikatar lafiyarta sa ido a kan masu nomanta. Dokarsu ke nan. A Nijar laifi ne mai kai mutum gidan kaso, ni kuwa ban taɓa kai ta bakina ba, kuma Kawu ya riga ya kira ni ya faɗa mini abin da malamai suka ce game da kuɗin irin wannan aiki, ina nan ina neman wani. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne hunhuna, wadda mutanen Kano ke ce wa fumfuna.

Ƙasar wurin rairayi ce, mai laushi kamar jigawar da ke kan hanyar Tibiri, a da taba sigari ake nomawa a cikinta, har ma akwai masu shuka gujiya, wato gyaɗa, abin da ban yarda ba sai da na gani da idona na tsaya a bakin gonar kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha. Bambancin yana sama. Mu a gida damina na ɗaukewa rana ta buɗe, amfanin gona ya bushe a tsaye, daga baya iskar hunturu ta zo ta ƙarasa aikin ba tare da an biya ta ko dala ba. A nan kuwa shukar ba ta fara fure sai yini ya soma gajarta a watan Agusta, ba ta nuna sai ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, daidai lokacin da ruwan sanyi ke sauka kwana biyu kwana uku a jere, hazo mai lema ya taso daga tafki, raɓa ta kwana a kan ganye har hantsi. Ke nan ranar da kan shukar ya cika ya yi nauyi, ranar ce ya fi zama cikin haɗari.

Cuta biyu muke fama da su. Ta farko farar hunhuna ce, tana bayyana a kan ganye kamar an barbaɗa garin rogo, kuma da yake ana ganinta daga nesa ba ta cika yi wa mutum ba-zata ba. Ta biyun ita ce muguwar, sunanta botiritis, ita ce kuma ke ruɓar da inabi da tumatir. Tana son sanyi matsakaici, kamar digiri 15 zuwa 20, da iska mai cike da danshi, kuma daga ciki take farawa, can jikin kara inda furen ya cunkushe iska ba ta shiga. Daga waje sai ka ga kai kore shar, lafiya lau, in ban da ƙaramin ganye guda da ya yi yaushi ya koma ruwan ƙasa. Idan ka ja ganyen nan sai ya biyo hannunka ba gardama, idan ka buɗa wurin da yatsa sai ka tarar ciki ya yi laushi, ya yi gashi-gashi ruwan toka kamar tuwon da aka manta a kwano kwana huɗu. Da zarar ka motsa shi wata ƙura siririya ke tashi, kuma ƙurar nan ita ce irin cutar. Inda tsutsa ta huda, nan ta fi saurin kamawa.

A safiyar da nake magana muna yanka muna zubawa a akwatunan roba. Na ci karo da wani kai babba, mai tsawon zangarniyar hatsi, na ga ruɓa a gefe guda. Sai na yi abin da kowane ɗan manomi a Maradi zai yi: na sa almakashi na ɗebe wurin da ya lalace, na yar, na jefa sauran cikin akwatin masu kyau, ina ma ganin na yi wa masu gonar tattali. Mai kula da sashenmu, yarinya ce da ba ta kai ƙanwata ta biyu shekaru ba, ta hango ni daga ƙarshen layi. Ta ɗaga hannu ta tsayar da mutum goma sha wani abu, ta taho ta tambaye ni a gaban kowa ko da almakashin nan na ci gaba da yanka. Na ce eh. Ta sa na cire safar hannu na sa sabuwa, ta karɓi almakashin ta tsoma a sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ta ɗaure bakin akwatin gaba ɗaya da leda ta manna masa jar takarda. Na ce mata ai ɗan wuri ne kawai, sauran duk lafiyayye ne. Ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, abin da idona ya gani shi ne ƙarshen cutar, farkonta ya riga ya ratsa cikin kan tun kwanaki.

Aikin awa uku ne a cikin akwatin nan. Aka auna shi a sikeli, aka rubuta nauyinsa a littafi, mutum biyu suka sa hannu a matsayin shaidu, aka niƙa shi aka cuɗa da ƙasa a gaban kyamara domin kada wani ya ce an karkatar da shi. Ni da na yi shekara da shekaru ina riƙe da hauya tun kafin yarinyar nan ta shiga makaranta, sai ga ni a tsaye ana koya mini yadda ake yanke ruɓa: a yanke can ƙasa da inda ta tsaya, a sa a leda tun kafin a ɗaga, a wanke almakashi kafin a taɓa shuka ta gaba. Ranar ban iya cin abincin rana ba. A raina ina cewa wannan almubazzaranci ne na mutanen da ba su taɓa ganin rumbu ya ƙare a watan Yuli ba.

Har yau ina ganin suna wuce gona da iri a wasu wurare. Takardar da ake cikewa a kan akwati guda ta fi wadda na cike lokacin neman fasfo a Yamai, kuma idan ruwa ya tsayar da aiki ba mai biyan ka awannin da ka zauna. Amma dole in faɗi abin da ya burge ni. Ba su da damar fesa duk maganin da suka ga dama. Akwai 'yan ƙalilan da hukuma ta amince da su a kan wannan shuka, yawancinsu masu sauƙi, irin su wani gishiri ɗan uwan kanwa da wasu ƙwayoyin halitta masu cin hunhuna. Dalili kuwa, a wajajen 2017 an janye kayan wasu kamfanoni daga kasuwa bayan an sami maganin maikulobutanil a jiki, wanda idan wuta ta taɓa shi yake fitar da gubar sayanaid. Saboda haka ƙarfinsu duk yana kan riga-kafi: a ba da tazara tsakanin shuka, a rage ganyen ciki domin iska ta ratsa, a zagaya kowace safiya ana dubawa, a girbe da wuri idan an hango ruwa mai tsawo ko da za a yi asarar nauyi, sannan a shanya a ɗaki mai fanka inda na'ura ke riƙe danshi wajen kashi 55 zuwa 60 cikin 100. Na tuna yadda ake zuba fiya-fiya a buhun wake a gida, daga kwalbar da ba ta da ko rubutu, sai jikina ya yi sanyi.

Bayan mako biyu yarinyar ta kira ni ofis, ina tsammanin sallama ce. Ashe takardar sakamakon ɗakin gwaji take so ta nuna mini, domin babu kayan da ke fita kasuwa sai an gwada su. Ta bi layi-layi da biro: yawan hunhuna, ƙwayoyin cuta, ragowar magani, dalma da makamantanta, sai ta zo kan wata kalma, aflatoksin, sunan wata guba. Ta ce wannan ba botiritis ke kawo ta ba, wata hunhuna ce daban mai son zafi, kuma an fi saninta a masara da gujiya. Da ta ambaci gujiya sai na gyara zama.

Daren nan na kwana ina karatu a waya. An gano gubar ne bayan 1960, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gujiya daga Brazil. Tana cin hanta, tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda kowa ya san yadda ya yi yawa a ƙasashenmu. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin gurɓatacciyar masara. Suya da dafuwa ba su gama kashe ta. Tarayyar Turai ba ta karɓar gujiyar ci idan gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan, Kanada ta tsaya a 15, Amurka a 20. Tana kama gujiya tun a ƙasa idan fari ya same ta a ƙarshen damina, tana ƙaruwa idan an bar ta a tsibi a kan ƙasa mai lema, ko an huda kwanson wajen cira, ko an ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba.

To, ku faɗa mini wanne ne a cikin waɗannan ba ma yi. Ina ganin tsakar gidanmu a idona: Inna da tire a cinya tana tsince gujiya, masu kyau na kasuwa, ƙanana da masu baƙi da waɗanda suka motse a ware gefe. Waɗannan na gefen ba a zubar da su. Su ake sayarwa da araha ga masu ƙuli-ƙuli da mai, su ake niƙawa a yi kunun yara, abin da ya rage a watsa wa kaji da awaki, alhali gubar tana bi ta cikin nonon dabba ta dawo mana. Idan ka ci guda ka ji ɗaci, sai ka tofar ka ci gaba da sauran. Har akwai masu yayyafa wa gujiya ruwa kafin a ɓare ta domin kwanso ya yi laushi, mai saye kuma yana ƙidayar tiya ne, ba ya tambayar ranar da aka shanya. Garin da gujiya ta gina, garin da tsofaffi har yau suke ba da labarin tulin buhunan SONARA, kamfanin da ke sayen gujiya a da, ba za ka ji ana zancen gwajin wannan guba a kasuwarsa ba, ga mutanen nan kuwa suna kashe kuɗi domin kare huhun mashayin wiwi.

Ba ilimin ne babu a gida ba. Cibiyar binciken aikin gona ta INRAN tana nan a Tarna, masu bincikenta sun yi aiki a kan buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke hana iska shiga, kuma yana amfani matuƙar abin da aka zuba ya bushe ƙayau. Rana ma mun fi su da ita nesa ba kusa ba. Yarinyar ofishinmu da za ta sami ranar Oktoban Maradi ta mako guda, da ta kashe fankokin ɗakin shanya ta yi sadaka.

Da kaka ta zo na aika wa Yaya kuɗin tampol biyu da buhuna, na roƙe shi a shanya gujiya a kan tampol har sai ƙwayar tana kaɗawa a cikin kwanso, a ɗora buhunan a kan katako nesa da bango, waɗanda suka yi baƙi kuma a haƙa rami a binne. Ya ce to. Da na kira Inna na maimaita mata, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, abincin Allah za a binne? Kaji fa?" Na ce ko kaji kada a ba. Ta ce ta ji, amma daga yadda ta ja kalmar na gane tiren nan yana cinyarta, kuma na san gefen da ta tura na baƙin. Na ce da ita zan sake kira ranar Juma'a, in Yaya yana gida.