Shagon Hajiya mai lamurje a Aboabo, da watan da na yi ban sha giya ba

A bayan babban titin da ya ratsa Aboabo, wata unguwa a birnin Kumasi na ƙasar Gana, kusa da inda masu pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, ke tsayawa jiran fasinja, akwai wani shago da ba shi da allon suna, wanda mutanen unguwa suke kira shagon Hajiya mai lamurje. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gabansa, da benci huɗu, da firji biyu, da talabijin da aka rataye a kusurwa. A ƙarƙashin wannan rumfa na zauna kusan kowane dare na watan Janairun 2024, saboda haka ina ganin ina da abin faɗi game da wurin fiye da wanda ya tsaya sau ɗaya ya sayi gora guda ya wuce.

Wajibi ne in bayyana abin da ya kai ni can, domin shi ne ma'aunin da na auna shagon da shi. Ni makanike ne a Suame Magazine, unguwar garejojin Kumasi, kuma na yi kusan shekara takwas ina shan giya. Musulmi ne ni, na san hukuncinta tun ina makarantar allo, amma sanin bai hana ni ba. Abin ya fara ne da rakiyar abokan aiki zuwa wata mashaya a wajen Krofrom idan an tashi daga gareji, har ya zama kwalba biyu ko uku kowane dare, ranar Asabar kuma a ɗora da bitas, wato barasa mai ɗaci. Duk shekara idan azumi ya kama nakan daina, sannan in koma bayan Sallah da kwana kaɗan, kuma na daɗe ina kafa hujja da wannan a zuciyata cewa ni nake riƙe da giya, ita ba ta riƙe ni ba.

A ƙarshen Disamba wani abokin aikina mutumin Asante, wanda yayansa ke zaune a Ingila, ya ba ni labarin al'adar da ake kira Dry January, wato mutum ya ƙaurace wa giya tun daga ɗaya ga Janairu har ƙarshen watan. Wata ƙungiya ta Birtaniya mai suna Alcohol Concern, wadda yanzu ake kira Alcohol Change UK, ita ta fara shirya abin a 2013. Ya ce mu gwada tare, na amince. A ranar ne kuma ya yi mini wani lissafi da ya tsaya mini a rai. Tun 2016 manyan likitocin gwamnatin Birtaniya suke ba da shawarar kada mutum ya wuce ma'auni 14 na barasa a mako, a awon da suke kira unit, alhali babbar kwalbar giya irin tamu, mai mililita 625 da ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, ta ɗan haura ma'auni 3. Ke nan abin da suka yi wa mako guda iyaka ni a dare biyu ko uku nake wuce shi.

Da watan ya kama na gane bambancinsa da azumi. A Ramadan zango, wato unguwarmu ta Musulmi, gaba ɗaya ne yake sauya lokacinsa: daga buɗe-baki sai tarawihi, daga tarawihi sai tafsiri ko hira a ƙofar masallaci, ba wata sa'a da za a bar mutum shi kaɗai da zuciyarsa. A Janairu kuwa babu abin da ya motsa. An tashi daga aiki ƙarfe shida, motar da ta ɗauko ni daga Suame tana bi ta gaban mashayar nan kamar kullum, kuma tsakanin magariba da ƙarfe goma akwai kusan sa'o'i huɗu da ban san inda zan kai su ba. A gida yara suna karatu, ni kuma jikina duk ya ƙi zama, ƙaramin abu sai ya ɓata mini rai. A dare na uku na fito ina ta tafiya ba tare da na nufi ko'ina ba, sai ƙamshin citta ya tsayar da ni a bakin rumfar Hajiya.

Lamurjen shi ne ginshiƙin shagon, kuma shi ya cancanci a tsaya a kansa. Mutanen gari suna ce masa lamugin, wasu ma da Turanci suna kiransa giyar Hausawa, alhali babu ɗigon giya a cikinsa. Hajiya tana jiƙa shinkafa tun da safe, a niƙa ta tare da ɗanyar citta da kanumfari da masoro da 'yar kimba, a tace da ƙyalle mai laushi, sannan a zuba ruwan tsamiya. Na ɗanɗana na wurare da yawa a Asawase da Alabar da cikin Kejetia, mafi yawansu ruwa ne da sukari da aka nuna wa citta daga nesa. Na Hajiya idan ka kurɓa sai ya kama maƙogwaro, zafinsa ya gangara har ƙirji, hanci ya buɗe, kuma a cikin hunturun Janairu, lokacin da ƙura ke busar da baki da leɓe, wannan zafin magani ne. Ga wanda ya bar giya kuma akwai wata fa'ida ta dabam. Bakin da ya saba da ɗaci da yaji ba ya gamsuwa da lemon kwalba mai zaƙi, yana neman abin da zai cije shi, kuma abin da ba a iya kwankwaɗa a tashi ɗaya, sai dai a bi shi kurɓi-kurɓi. Kofi ɗaya na lamurjen nan yakan ɗauke ni minti ashirin, wanda sau da yawa ya isa sha'awar da ta taso ta lafa.

Wani abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ba ta sayar da kwantai. Duk abin sha da aka haɗa da hatsi da sukari, idan ya kwana a wuri mai ɗumi yakan fara tsami da kumfa, kuma daga nan ne hanyar zama giya take farawa. A garin da wutar lantarki ke iya ɗaukewa cikin dare firji ya huce, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na ga da idona yadda 'yarta take juye ragowar ranar ta raba wa yaran unguwa kafin a rufe, sannan ta wanke bokitan da ruwan zafi ta kife su.

Sobolon, wato zoɓo, yana da kyau amma bai kai lamurjen ba, domin abarbar da ake sa masa tana danne tsamin ganyen. Burkinar kuwa, ta gero da madara, tana da kauri kuma tana ƙosarwa, ta yi mini amfani ƙwarai a makon farko lokacin da abincin dare ya fita daga raina. Ana samun ƙosai da wagashi, wato cuku, soyayye daga wajen wata maƙwabciya, a kawo maka har benci. A wancan lokaci kofin lamurje sidi 5 ne, gorar burkina sidi 10, kuma ana karɓar momo, wato biya ta waya. Da ina kashe kimanin sidi 50 a dare, a shagon nan kuwa da wuya in wuce 15, saboda haka a ƙarshen wata na tarar da sama da sidi 1,000 a hannuna, na saya wa babbar 'yata takalmi da littattafan zango na biyu ba tare da na nemi rance ba.

Babban aibin shagon shi ne sukari. Yadda ake haɗa lamurje da sobolo domin jama'a, zaƙin ya yi yawa, kuma wanda ya bar giya dama bakinsa yakan karkata ga zaƙi, sai ya sha kofi uku bai ankara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na abin da ke ba jiki ƙarfi a yini, wanda ga babban mutum ya kama kusan ƙaramin cokali 12, kuma a ƙiyasina kofi biyu na sobolon nan sun cinye mafi yawan wannan kaso. A zangonmu, inda ciwon sukari da hawan jini suka shiga gidaje da yawa, bai kamata mai sana'a irin wannan ta jira sai an roƙe ta ba. Da na yi mata magana ta karɓa da kyau, washegari ta ware mini jug guda da ba a sa masa sukari ba, yanzu ma wasu dattawa biyu suna sha daga cikinsa. Sai dai har yau sai wanda ya sani ne yake tambaya, ba a rubuta ba, ba a kuma sanar da baƙo.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Bencin ba shi da majingina, ƙurar titi tana shigowa rumfar idan iska ta taso, babu bayan gida sai an tafi na masallacin layin, kuma ƙarfe goma ake rufewa, wanda ga daren Asabar ya yi wuri matuƙa.

Abin da ya sa na ɗora shagon a kan sauran shi ne yadda ake zama a cikinsa. Hajiya ta san ni, ta san mahaifiyata, kuma a unguwa irin tamu babu shakka ta san inda nake zuwa a da. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga maganar ba, ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta kuma yi mini irin kallon nan na wanda aka kama ba. Abin da take cewa kullum shi ne, "Masta, an dawo? Yau mai zafi ko mai sauƙi?" Masu zaman rumfar, direbobin pragya da teloli da wani tsohon malamin makaranta, hirarsu ƙwallo ce da farashin mai da siyasar Asawase, kuma ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi. Na lura da wani abu kuma. Tun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta hana tallan giya a rediyo da talabijin daga ƙarfe shida na safe zuwa takwas na dare, wanda ke nufin da takwas ta yi sai tallan su fara fitowa, daidai lokacin da mutum irina ya fi rauni. A shagon nan, da zarar tallan giya ya bayyana, jikan Hajiya yakan kashe sautin ko ya sauya tasha. Hajiya ta saba sa a yi haka ne tun kafin zuwana saboda yara, amma ni na ci moriyarsa.

Daren da ya fi kowane wuya shi ne na Litinin 22 ga wata, lokacin gasar cin kofin Afirka a Kodebuwa. Abokin aikina da muka fara tare ya riga ya koma sha tun a mako na biyu, saura ni kaɗai. Rumfar ta cika har mutane suna tsaye a titi. Jordan Ayew ya ci fenareti biyu, Gana tana gaban Mozambik da ci biyu ba ko ɗaya, har an fara lissafin wanda za mu haɗu da shi a zagaye na gaba. Cikin mintocin da aka ƙara Mozambik ta farke duka biyun. Wuri ya yi tsit, sannan kowa ya miƙe yana faɗa, mutane suka watse. Wayata ta yi ƙara sau uku, abokan Krofrom ne suna kira in zo a sha baƙin ciki tare, kuma har na ɗaga wa mai pragya hannu. Goma ta riga ta wuce, 'yar Hajiya ta fara shigar da benci, sai Hajiya ta ce mata ta bar guda ɗaya. Ta juyo gare ni ta ce, "Ɗana, zauna ka taya ni, akwai sauran lamurje, kada ya lalace." Ta zuba mini mai zafin, ta zauna a kujerarta tana jan carbi, ba ta ƙara cewa komai ba. Mun kai kusan sha ɗaya a haka kafin in yi mata sai da safe in nufi gida da ƙafa.

Akwai wanda wannan shago ba zai wadatar da shi ba, kuma zai zama zalunci in ɓoye hakan. Ni abin da na fuskanta a kwanakin farko shi ne rashin barci da gumi da saurin fushi, daga mako na biyu barci ya daidaita, na fara tashi sallar asuba ba tare da nauyin kai ba. Amma wanda ya kai matsayin da hannunsa ke rawa da safe sai ya kurɓa, ko yake shan akpeteshie, wato barasar gida mai ƙarfi, tun hantsi, yanke giya farat ɗaya yana iya jawo masa jijjiga irin ta farfaɗiya da ruɗewar hankali a cikin kwana biyu zuwa uku na farko, har ta kai ga rasa rai. Irin wannan mutum likita ya kamata ya fara gani, a asibitin Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa da shi, a rage masa a hankali tare da magani, sannan ya zo rumfar Hajiya ya nemi wurin zama.

Na kammala kwana 31, na zarce har azumin da ya kama a watan Maris, kuma bayan Sallar waccan shekara ban koma Krofrom ba. Har yanzu nakan je shagon sau uku ko huɗu a mako. Mai niyyar zuwa ya iso kafin ƙarfe takwas, domin mai zafin yakan ƙare da wuri, musamman ranar Juma'a da ranakun da ake ƙwallo, kuma ya tambayi jug ɗin da ba sukari, yana ƙasan firji na biyu.