Kafson jan ƙarfe na awaki: yana aiki, amma kada tumaki su kusance shi

Masu kiwo da dama suna tambaya wai wannan kafson jan ƙarfen da ake ɗura wa awaki yana da wani amfani ko dai cin kuɗin mutane ne kawai. Toh ni dai na ba nawa, kuma gaskiya yana aiki, sai dai akwai abubuwan da kamfanin bai yi wa mutane bayaninsu ba yadda ya kamata.

Kafso ne ɗan babba, in ka ɓare ɗaya zaka ga ba gari bane a ciki, wasu ƙananan gutsattsarin waya ne baƙi-baƙi. Akwai na giram 2 na ƴan awaki, akwai na giram 4 na manya. In akuya ta haɗiye, ɓawon ya narke, wayoyin sai su gangara su maƙale a ɓangare na huɗu na cikinta, ruwan tsamin wurin yana cinsu a hankali tsawon watanni, hanta kuma tana ajiyewa tana saki yadda jiki yake buƙata.

Abin da yasa na nemo shi, baƙaƙen awakina ne suka fara komawa ja-ja, musamman a cinya da ƙugu, gashin ya bushe ba sheƙi, bakin wutsiyar wasu ma ya soma zubewa ya rabu biyu. Kowa ya gani sai yace rana ce, kuma eh rana tana koɗar da gashi, amma rana bata zubar da gashin wutsiya ai. Baƙin gashi na dabba da na mutum duk daga wani sinadarin launi mai suna melanin yake, kuma sinadarin da ke haɗa shi, tirosinas, sai da jan ƙarfe yake aiki, in babu sai launi ya dusashe. A shanu ma haka ne, baƙar saniya ta koma kalar tsatsa, ja ta koma ruwan ɗorawa-ɗorawa, gashin gefen ido yayi fari ya zagaye kamar ta saka tabarau.

Wanda yake jiran ya wayi gari yaga akuyarsa ta koma baƙa wuluk zai ce an cuce shi. Gashin da ya riga ya koɗe baya dawowa, sai dai ya zube. Bayan wasu makonni in ka buɗa gashin cinya da yatsa zaka ga tushen baƙi ƙirin, saman kuma yana nan ja, har layin da suka rabu kana gani. Nan ne na yarda da kayan. Wutsiya ita ce ta fi daɗewa kafin ta cike.

Ɗura shi kuwa aiki ne wallahi. Babu bindigar ɗurawa a cikin kwalin, sai ka nema daban, kuma akuya in bata ga dama ba zata riƙe shi a kumatu tana kallonka, kana juya baya ta tauna ta tofar. Sai ka kai shi can bayan harshe ka ɗan ɗaga haɓarta ka jira har kaga ta haɗiye ta lashi hanci.

Wani zai ce ai ina ba su dutsen lasa mai sinadarai, me kuma zan yi da kafso. Duba takardar jikinsa tukuna, da yawa garin jan ƙarfe mai oksaid ake sakawa kuma shi a matsayin gari wucewa kawai yake yi ya fita a kashi, mai salfet ya fi shiga jiki. Sannan buƙatar bata da yawa, saniya kusan miligiram 10 take so a kowane kilo na busasshen abinci, amma ko ya kai hakan in ciyawa tana da wani ma'adini mai suna molibdenum da yawa ko ruwan sha yana ɗauke da farar wuta ko ƙarfe, to a tumbi zasu ɗaure jan ƙarfen ya kasa shiga jini. Wani ƙarin amfanin wayoyin, suna rage tsutsar nan mai shan jini da ke zama a ɓangare na huɗun cikin, amma fa kar a ɗauke shi ya maye gurbin maganin tsutsa.

Inda kamfanin ya ɓata min rai shi ne maganar tumaki. Gargaɗin yana can ƙasan kwali da ƙananan haruffa, alhali yawancin masu awaki suna da tumaki a garke ɗaya. Hantar tunkiya tara jan ƙarfe take yi bata iya fitar da shi sosai, zata yi ta tarawa wata da watanni lafiya lau a ido, rana ɗaya in ta wahala ko aka yi doguwar tafiya da ita sai ya fashe cikin jini, ido yayi shawara, fitsari ya koma ja duhu, galibi kafin likitan dabbobi ya iso an makara. Tumaki ma suna iya rasa shi, har ƴaƴan su riƙa tangaɗi da ƙafafun baya, amma nasu awon likita ne zai yanke.

Sai masu tambaya ta bayan fage wai ko zai yi wa mutum maganin furfura, abin dariya abin tausayi. Babban mutum maikrogiram 900 kacal yake buƙata a rana, hanta da wake da dangin gyaɗa sun ishe shi, kuma in ya wuce miligiram 10 kullum yana wasa da hantarsa ne. Gaskiya ne ƙarancinsa yana taɓa gashin mutum, akwai cutar gado da likita John Menkes ya bayyana a 1962, jarirai maza gashinsu a murɗe a koɗe yana karyewa, kuma a 1972 David Danks a Ostireliya ya gano jan ƙarfe ne matsalar saboda gashin yayi kama da ulun tumakin ƙasarsu masu wannan ƙarancin. Masu yawan shan ƙwayar zink da waɗanda aka yi wa tiyatar rage ciki suma ƙarancin yana samunsu. Amma furfurar shekaru daban ce, ƙwayoyin da ke yin launin ne suke ƙarewa a tushen gashi, ba wani kafso da zai tashe su.

Zan sake saye, amma ba zan maimaita musu ba sai likita ya duba, don akuya ma in aka dinga tura mata yana iya taruwa ya yi mata illa, kuma jan gashi wani lokacin rashin isasshen abinci ne ko tsutsa. Kamfanin kuma don Allah su saka bindigar a kwali, su zana tunkiya babba a gaba su ja mata jan layi.