Na yi gwajin kolonoskofi, ga abin da na so a ce na sani tun farko

Kusan wata uku ina ganin jini a bayan gida ina cewa basir ne, na sha jiƙe-jiƙe babu sauƙi, sai da na je wani asibiti a Kano likita ya ce a min kolonoskofi, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta dubura a duba babban hanji. Kunya ce ta fara kama ni gaskiya, amma an rufe ni da zani an mutunta ni.

Wallahi aikin shi kansa ba shi ne wahalar ba, wankin cikin ne. Tun saura kwana uku aka hana ni wake, alayyahu, gyaɗa, riɗi da duk abu mai 'ya'ya, ana gobe kuma ruwa-ruwa zalla, shayi ba madara, romo tatacce, kuma ban da zoɓo don ja ne, likita zai iya ɗaukarsa jini. Sai maganin wankin ciki, ni lita 4 aka ba ni na sha rabi da yamma rabi da asuba, ɗanɗanonsa gishiri-gishiri, sa shi a firij ya fi shiga, kuma kar ka yi nisa da banɗaki. Don Allah a shanye shi duka har abin da ke fita ya koma ruwa garau, in hanji bai wanku ba ba za a ga komai ba, sai an sake, kuɗi da wahala sun tafi a banza.

Ka gaya wa likita duk maganin da kake sha, musamman na suga, na tsinka jini irin su warfarin, da ƙwayar ƙarin jini mai ayon (sinadarin ƙarfe), wadda ita ake dakatarwa kamar sati ɗaya kafin ranar.

Ranar na kwanta ta gefen hagu aka min allurar sa barci, wajen minti 30 an gama, kaɗan nake tunawa. Cikina ya ɗan kumbura saboda iskar da suke hurawa, zuwa dare ya sace. Ka je da ɗan rakiya, ba tuƙi sai bayan awa 24. In ka koma gida ka ga jini da yawa, zazzaɓi ko ciwon ciki mai tsanani, koma asibiti nan take.

Ni dai an samu wani ɗan tsiro an cire shi a take an kai lab, alhamdulillah ba daji ba ne. Yanzu yayana nake ta lallaɓa ya je, shi ma ya jima yana cewa basir ne.